Kujerar Direba

Juma'a, 4 ga Afrilu 2025

Atiku ɗan Adda Asta yaz zo bayan an sabko masallaci, da kwalbar man shanu wai uwatai ta aiko min. Nic ce ƙaƙa jikinta. Yac ce da sauƙi, shina kallon ƙasa. Nic ce Atiku, tana tashi ko ba ta tashi? Yac ce ba ta tashi. Idanun ma sun tahi gaba ɗaya tun damana.

Yayata ta, ita ɗai tar rage min cikin ɗakinmu. Ita tag goye ni. Tana can Tungar Maje, bayan hwadama, tsakanin nan Wurno da Goronyo amma ta cikin daji, inda kwalta ba ta kai ba. Rabona da ita tun zaman makokin mai gidana. Bayan nan ɓarayin daji sunka sa motocin kasuwa sunka bar bin hanyar. Babur ɗai ka zuwa, ni ko ƙuguna bai ɗaukar babur. Ita kuma ba ta ɗaukuwa a kawo ta.

Da yat tahi niz zamna tsakar gida ina kallon Landirobar. Tana nan ƙarƙashin dogon yaro inda mai ita yab bar ta, bisa duwatsu, kaji na ƙwai ƙasanta. Direba nika ce mai. Ban taɓa kiran sunanai ba, ba kuma za ni hwara cikin takarda ba.

Man shanun ya yi gishiri.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Rumaisa autata ta wuni nan. Ungozoma ta a asibiti, kuma tana jan ƙaramar motar mijinta bisa kwalta. Na ba ta labarin Adda ba don komi ba. Tana tsince shinkahwa, tac ce Inna a tada motar Baba in kai ki.

Nic ce wagga ba motar zuwa biki ba ta. Tac ce ta sani. Nic ce daji ba kwalta ba na. Tac ce ai ke kin san shi, ki koya min.

Kahin ruwa shi sabka ɗai aka iya ƙetare hwadamar nan. In damana ta zamna sai kaka. Adda ko ban ga alamar tana da kaka a gaba ba, Allah shi gahwarta min.

Talata, 8 ga Afrilu

Mu'azu ya zo ya dibi motar. Yaron motar Direba na a da, yanzu makanike na da hurhura a gemu. Ya buɗe gaba, ya shinshina, ya shiga ƙasanta, kaza ta sare shi a kunne. Yac ce za ta tashi, ƙarhen da na, ɓera ɗai yac ci waya.

Nic ce to kai ka kai ni mana. Yak koma goge hannunai da tsumma. Na san dalili, bakina na yar riga ni. Tunda ɓarayi sunka riƙe shi cikin daji bara waccan bai sake barin kwalta ba. Yac ce Inna, zan koya mata komi nan cikin gida, amma ƙahwata ba ta shiga daji.

Rumaisa tah hau ta zamna, ƙahwarta ba ta kai ƙasa da kyau. Direba dogo na, ita ko ni tab biyo. Mu'azu yac ce dogon ƙarhen da kujera ka gudu bisa ya yi tsatsa, in anka jiƙa shi da baƙin mai sai a turo ta gaba. Nic ce ba mai taɓa kujerar nan. Inda yab bar ta nan za ta zamna. Sunka dibi juna. Nis shiga ɗaki niɗ ɗauko matashin da nika kwana da shi nic ce ta sa a baya.

Bashar mijinta ya yarda, da sharaɗin duk inda za a da shi. Ya so ma shi ja da kainai. Nic ce a'a. Kujerar ta jinin Direba ta, kuma ina suruki zai zamna kahwaɗa da kahwaɗa da ni. Baya za shi zamna da shebur da hwamho.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Motar ta tashi da hantsi. Ina wanke-wanke nij ji ta. Sai da niz zamna bisa turmi.

Asabat, 19 ga Afrilu

Yau munka hita karo na hwarko. Na zaɓi hanyar bayan gari wadda ka bi ta gehen Magarya, don ƙasa ta mai tauri, babu rairayi babu ruwa, sai sabara da geza da gonakin da ba a shuka ba tukun. Nan Direba ka hwara kai duk yaron da za shi koya ma mota.

Ni kam kujerata ta gehe tana nan yadda nis san ta, har ramin da ƙuguna yay yi.

Na hwaɗa mata abin da nij ji shina hwaɗa ma yara shekara da shekaru. Kar ki sa babban yatsa cikin sitiyari, in taya ta bugi kututture sai shi karye. Kar ki dibi gaban hancin mota, ki dibi can. Giya ta biyu, ki bar ta ta yi tahiyarta. Babba cikinsu: ki bi sawun amalanke. Sawu biyu gehe da gehe. Inda shanu sunka ja amalanke da kaya, mota na bi. Sawun babur ɗaya na, shina bin inda akuya ka bi, kuma yanzu ba ka san wa yay yi shi ba.

Ta kashe motar sau da yawa. Ta shiga cikin geza har ganye ya shigo ta taga. Bashar na baya shina cewa sannu, sannu, ban san ko da ita shika ba ko da motar. Matashin na zamewa, tana tura shi da gwiwar hannu.

Da munka komo tac ce Inna na yi ƙoƙari? Nic ce ba ki kashe kowa ba.

Litinin, 21 ga Afrilu

Lami ta makwabta wai ta ji an ce tsohuwa ta koma yawon daji da ɗiya mace a sitiyari. Nic ce ta ji daidai. Ta jira ƙari, ban ba ta ba.

Asabat, 26 ga Afrilu

Rairayi yau, ta wajen Sisawa. Akwai wani busasshen rahi mai hwaɗi, rairayinai hwari awa gari. Nis sa ta tsaya kahin mu shiga. Bashar yas sabka yar rage ma tayu iska da tsinke har cikinsu yaɗ ɗan baje. Shi bai yarda da abin ba, na gani a huskatai, amma bai cewa komi gabana. Tunda ya amri Rumaisa bai taɓa kallon idona ba.

Sandunan giya uku na cikin motar ga. Babba, da mai rawayan kai, da mai jan kai. Mai jan kan ita aka ja baya in ƙasa ta yi nauyi, mota ta riƙa tahiya awa sa, a hankali amma ba ta tsayawa. Nic ce in kin shiga kar ki ɗaga ƙahwa, kar ki canza giya, kar ki yi birki, ko kin ga aljani.

Tsakiyar rahin tat tsorata taɗ ɗaga ƙahwa. Munka zamna. Tat taka da ƙarhi, tayu sunka hwara tona. Nid daka mata tsawa ta bari. Munka haƙa da shebur da hannu, munka karyo geza munka shimhiɗa gaban tayu, har tabarmar sallata ta shiga. Ta hita. Tabarmar ba ta hita da rai ba.

Rana ta yi zahi ƙwarai. Munka zamna ƙarƙashin wata aduwa munka sha hura, Bashar can nesa ya ba mu baya shina ta hama da hwamho. Rumaisa tac ce haka kuka yi da Baba? Nic ce shi bai kahewa. Ƙarya ta. Ya kahe nan wurin ma, ina da cikin yayanta, ni nit tura.

Laraba, 30 ga Afrilu

Ba mu hita ba, Rumaisa na aiki. Na shiga motar ni ɗai da la'asar na zamna. Warin nan na nan, baƙin mai da ƙura da wani abu nashi.

Cikinta anka kawo ni garin ga. Sannan rugarmu na kusa da inda Tungar Maje take yanzu, shi ko shina zuwa ɗaukar masu nono da buhunan gero ranar kasuwa. Daji sannan daji na. Ƙirya, marke, kalgo, hwarar ƙaya, rana ba ta taɓa ka sai ka hito hwadama. Barewa na tsallake hanya. Adda Asta ta rako ni har mashigin kuka, inda aka ƙetare ruwa, tana tahiya gehen mota tana riƙe da taga, tana yi mai kashedi da Hillanci shi ko bai ji ko kalma. Shina ta cewa to, to.

Daga baya in za shi ƙauye ni ka zama gehenai in babu yaro. In munka kai ruwa ko laka, ni ka sabka da sanda in shiga gaba ina soka ƙasa, shi biyo sawuna. Mutane na dariya, matar direba ta zama ɗan jagora. Ni ban ga abin dariya ba, ba mu taɓa kwana cikin laka ba.

Yanzu duk an sare itacen an yi gawayi. Daga Magarya kana hangen abin da da sai ka yi tahiyar rabin wuni.

Asabat, 3 ga Mayu

Wajen Rabah munka nuhwa yau, don Rumaisa ta ga dutse da kwazazzabo. Ba mu yi nisa ba. Wasu masu kiwo sunka ce kar mu wuce tudun da ag gabanmu, ba lahiya bayan nan. Munka juyo. Da can sai ka yi ta tahiya har Gundumi ba ka tambayi kowa ba sai ruwan sha.

Amma ta sabka kwazazzabo guda da jar sanda, ba ta taɓa birki ba, mota na gangarawa da kanta tana gurnani. Ta hau ɗaya gehen a karkace yadda nic ce, taya ɗaya bayan ɗaya. Da munka kai bisa nig ga ta ciji leɓen ƙasa. Haka ubanta ka yi. Nij juya ina kallon waje.

Bayanta na ciwo, ta ce ma Bashar, na ji. Matashin bai isa ba, tana miƙa ƙahwa awa mai ɗaukar abu da yatsa. Ba ta ce min ba.

Alhamis, 8 ga Mayu

Hadari ya taso gabas ya watse. Iska ɗai.

Atiku ya hau tudu inda waya ka kamawa ya kira. Yac ce Adda ta bar cin tuwo, sai kunu. Ya ce mata muna tahe, wai tac ce a share gaban ɗaki. Shi babur ɗinai ta kan kunyar masu albasa shika bi, bai san inda mota ka iya ƙetarewa ba. Nic ce ni na sani. Shi jira mu ƙetaren hwadama ran Lahadi. Bashar ya tambayi mai gari da 'yan sa-kai, sun ce wanga gehen shiru kwanan ga, amma mu hita daji kahin la'asar.

Na sa an sawo goro da sabulu da turmin atamhwa. Ba ta gani, amma hannu na jin sabon zane.

Lahadi, 11 ga Mayu

Ba mu kai ba.

Mun tashi da sassahe. Kwalta kaɗan ta hanyar Goronyo, sannan munka sabka hagu. Ta yi rairayi biyu ba ta kahe ba. Sawun amalanke na gabanmu sarai, masu albasa na ta kwasar ta ƙarshe. Har munka hango kukar. Tana nan, ita ba su sare ba.

Kahin kukar sai sawun amalanken yak karkata dama, ya bi gehen garka ya tahi can nesa. Rumaisa tat tsaya. Tac ce Inna sawu ya yi dama. Nic ce mashigi na gindin kuka, miƙe. Tac ce babu sawu ko ɗaya nan. Nic ce kahin a haihe ki nika ƙetare wurin ga, nan ubanki ka bi. Ƙasar ta bushe ta tsattsage, hwara ƙal, kana ganin ɗaya gehen kusa awa ka jehwa dutse. Adda na bayan wancan tudun.

Na ji Bashar ya yi gyaran murya a baya. Sau biyu. Bai ce komi ba.

Sandata na gehen ƙahwata. Ban sabka ba.

Tam miƙe. Tsawon mota biyu ƙasa ta ɗauke mu, sannan ɓawon yah hwashe. Baƙar laka ta ƙasa, mai wari. Gaba yan nutse har ƙohwa ba ta buɗuwa. Jar sanda ba ta yi komi ba, geza ba ta yi komi ba, shebur na ɗebowa tana komawa.

Masu garka sunka zo. Wani dattijo yac ce Inna ai tunda aka sakin ruwan dam ana ban ruwa da rani wurin ga bai bushewa daga ƙasa, an bar bin shi da daɗewa, mashigi ya koma can dama inda anka zuba dutse. Sunka kwance shanun amalanke biyu sunka ɗamra igiya ta baya. Sai bayan azahar tah hito. Wani abu ya lanƙwashe ƙasanta, sitiyari na ja gehe. Lokaci ya tahi. Bashar yac ce ma matatai, ba ni ba, gara a koma.

Atiku na ƙetare bisa babur, muna ganin juna. Ya ɗaga hannu. Wani yaɗ ɗauki goron da atamhwar ya bi kunya ya kai mai.

Lakar ta bushe a ƙahwahun Bashar har gwiwa.

Litinin, 12 ga Mayu

Ban hita tsakar gida ba sai don alwala.

Laraba, 14 ga Mayu

Mu'azu na ƙarƙashin motar tun jiya, shina ɓamɓaro laka shina buga ƙarhe. Bai tambaye ni komi ba. Da nik kai mai ruwa yac ce ko mai gida ya taɓa nutsa ta har taga a Lugu, ranar ba ki nan, yac ce in na hwaɗa miki sai ya kore ni. Ban yi dariya ba. Na so.

Rumaisa ba ta zo ba. Ta aiko da miya.

Yayyahi da maraice, ƙasa ta yi ƙamshi. Kowa na murna. Ni ina jin shi awa ana ruhe ƙohwa.

Juma'a, 16 ga Mayu

Rumaisa ta zo. Na ce mata a bari, ruwa ya taɓa ƙasa, kuma na gaji. In Allah ya yi za mu gana da Adda, mu gana can.

Tac ce Bashar ya je jiya bisa babur ya dibi sabon mashigin, ya taka shi da ƙahwa, dutse na, yayyahin bai yi mai komi ba. Tac ce tun ran Lahadi ya ga lakar, ya ga inda shanu sunka ƙi bi, kunyarki ta hana shi magana, yau kwana nawa bai barci da kyau. Nic ce wa yah hana shi? Tac ce Inna.

Sannan tac ce gobe za ta, da ni ko ba ni, don akwai mai ciki a Tungar da Atiku yac ce ƙahwahunta sun kumbura. Amma in da ni, ita ka jan mota. In ta ce dama, dama.

Nic ce uban wa yak koya miki magana haka. Tac ce ba uba ba na.

Na aika a kira Bashar. Ya durƙusa bakin ƙohwa awa kullum. Nic ce gobe in ka ga abu ka buɗe baki ka hwaɗa, cikin daji babu suruka. Yac ce to Inna, shina kallon takalmanai.

Asabat, 17 ga Mayu

Mun kai.

Ban ce komi ba tun daga gida. Da munka zo kukar ba ta ko rage gudu ba, tab bi sawu dama. Na dibi kukar har ta wuce bayan taga. Sabon mashigin na da ɗan ruwa bisa dutse. Tat tsaya, tad dibe ni. Niɗ ɗauki sanda nis sabka. Bashar yac ce Inna bari ni, da ƙarhi har shi kainai ya razana. Nic ce wanga aikina na. Na kilta zane na shiga. Ruwan sanyi, iya ƙwabri. Ina soka sanda ina tahiya, ina jin motar na biye da ni a baya sannu sannu, numhwashinta bisa wuyana. Ban waiga ba. Na san in na waiga ba Direba za ni gani ba.

Bayan hwadama akwai sauran daji kaɗan, marke da kalgo sun haɗa kai bisa hanya, inuwa ta ruhe mu. Ɗan guntu na, amma irin na da. Rumaisa tac ce ashe haka yake. Nic ce haka duk yake.

Adda na kwance bisa gadon kara, ta ƙanƙance awa yarinya. Sabuwar atamhwar na jikinta, ba a ko ɗinke ba. Kahin in yi sallama tac ce motar Mode ta, tun daga garka nij ji ta. Tac ce amma ba shi na ciki ba, shi da hushi shika taka ta, wanga mai lallashi na. Nic ce ɗiyatai ta, autar. Tac ce a kawo min hannunta. Ta shahwa tahin hannun, ta ji kantar da sitiyari yay yi, tac ce to.

Sannan tal laluba huskata. Tac ce Kaltume kin tsuhwa, haƙoranki ina? Nic ce ke kin ga naki? Tac ce ni ban ga komi ba, shi ya sa nika da kwanciyar rai. Ta yi min Hillanci ina mayar mata da Hausa, harshena ya yi tsatsa. Ta zage ni kan haka. Ta tambayi mutanen da sunka mutu tun tuni, na ce suna lahiya, ta ce ƙarya kika yi, na san sun mutu, so nike in ji ko kin iya ƙarya yanzu.

Na dama mata hura da hannuna ta sha rabin ludayi. Na yanke mata ƙumba. Na tsehe mata kai na yi mata kitso biyu, gashin babu yawa. Tana ta magana kan wata saniyarmu mai karyayyen ƙaho da ni ban tuna ba. Na ce na tuna.

Rumaisa ta tahi wurin mai cikin, ta daɗe. Da tad dawo tac ce dole a kai ta asibiti yau. Sai anka shimhiɗa mata katihwa a baya, da uwar mijinta, Bashar ya takure bisa tayar sauyi.

Rana ta karkata. Adda tac ce tashi ku tahi kar ku yi dare. Ba ta riƙe ni ba. Tac ce in kaka ta yi ki kawo min taba gari, wadda aka saidawa nan ƙasa ta. Nic ce to. Atiku ya ɗauko ta ya zamnar bakin ƙohwa don ta ji tashinmu. Ta ɗaga hannu wajen da ba mu nan.

Talata, 20 ga Mayu

Ruwa tun asuba, mai yawa. Rahi ya kawo. Masu gona sun hita shuka.

Mai cikin ta haihu jiya, mace. An ce da ta ƙara kwana biyu can da wani zance aka yi.

Lahadi, 25 ga Mayu

Atiku ya kira, maganar na yankewa. Mashigi ya cika, ko amalanke ba ta wucewa. Adda na shan kunu. Wai kullum sai ta ce a yi shiru, ta ji kamar mota.

Na sai tabar na aje cikin gwangwani, na ruhe da leda kar ta sha iska. Kaka da nisa.

Alhamis, 29 ga Mayu

Rumaisa na son ta riƙa shiga ƙauyukan tudu da motar ranar awon ciki, wajen Sisawa da Magarya, inda ruwa bai tsayawa. Nic ce mota ba ta son zama, shi ke nan abin da nic ce. Wai in riƙa raka ta. Za ni gani, in ƙuguna ya bari.

Wuyana na ciwo kwanan ga, kwana babu matashi. Jiya nis shiga motar niɗ ɗauko abuna. Da Mu'azu yaz zo canza mai nic ce tunda hannunka na cikin baƙin mai ka ɗiga ma ƙarhen nan na ƙasan kujera, tsatsa na cin shi, kar shi ruɓe. Ya ɗiga. Ya tsaya shina kallona. Nic ce to mi kaka jira, gwada ka gani ko ya saki.

Kujerar ta yi ƙara kahin ta motsa. Inda taz zamna shekarun nan hentin na nan kore, sabo, awa ranar da anka sawo ta. Na sa yatsa na taɓa. Sannan kaji sunka shiga min ɗaki, na tahi kora.